Za a iya faɗaɗa aksil mai roba don ya hau babban shasi?

Tambaya: Ni mai walda ne a Kaduna. Na samu aksil biyu na wata ƙaramar tirela 'yar Beljiyam, irin masu roba a cikin bututu, babu sifirin. Farantin jikin kowanne ya nuna kilo 1,300. Tsakanin kunnuwan da ake ɗaurewa a shasi mita 1.10 ne, daga fuskar hob, wato inda ake ɗaura taya, zuwa fuskar ɗaya hob ɗin kuma mita 1.50. Sabon shasin da na haɗa faɗinsa mita 1.50. Zan iya yanka su in ƙara santimita 40? Wasu sun ce wutar walda za ta ƙone robar.

Amsa: Malam, ana yi, kuma waɗanda suka ce maka wuta na ƙone robar ba ƙarya suka yi ba. Magana ce ta inda ka sa wutar. Amma ni ba zafin walda ne ya fi tsaya mini a rai ba a aikin nan. Abu biyu sun fi shi. Ƙarfen da za ka ƙara ba zai ƙara wa aksil ɗin ko kilo ɗaya na ƙarfin ɗaukar kaya ba, ga shi kuwa shasi ya girma. Sannan saitin tayoyi yakan ɓace a wurin yanka, in ya ɓace kuma guduma ba ta dawo da shi.

Sai ka san abin da ke cikin bututun kafin ka ɗauki giranda. Bututun waje mai kusurwa huɗu ne. A cikinsa akwai sandar ƙarfe, ita ma mai kusurwa huɗu, an karkata ta digiri 45, sai ya zama an bar gurbi huɗu a kusurwoyin bututun. A kowane gurbi an cusa doguwar roba mulmulalliya. Sandar ta leƙo waje an haɗa ta da wani gajeren hannu, a ƙarshen hannun ne hob da taya suke. In taya ta hau tudu sai hannun ya ɗaga, sandar ta murɗa, ta matse robobin nan huɗu tana ɗan mirgina su. Su ne sifirin, su ne kuma ke shanye girgiza. Dabarar wani injiniya ne ɗan Suwizalan mai suna Neidhart, tun shekarun 1940, kuma ita ce a cikin aksil ɗin Torflex na kamfanin Dexter na Amurka. Kamfanin AL-KO na Jamus ya ɗan bambanta: bututunsa kusurwa shida ne, robobinsa uku. Ka duba naka ka ga wanne ne, domin na kusurwa shida ba za ka samu bututu irinsa a kasuwar ƙarafa ta Panteka ba, sai dai a lanƙwasa maka faranti.

Abin da ya sa aikinka zai yiwu shi ne sandar nan ba ta ratsa bututun daga wannan kai zuwa wancan ba. Kowane ɓangare da tasa sandar da nasa robobin, suna shiga zuwa wani wuri su tsaya. Tsakiyar bututun fayau take, iska ce kawai. Tsawon robar kuwa shi ne ke yanke nauyin da aksil zai ɗauka: bututu iri ɗaya, in an sa masa roba mai tsawo ya ɗauki nauyi mai yawa, in an gajarta ta ya ɗauki kaɗan. To ka ga ƙarin ƙarfe a tsakiya bai taɓa robar ba, don haka kilo 1,300 ɗin nan yana nan yadda yake.

Robobin kuma ba a zare su a mayar a gareji. A masana'anta wasu kamfanoni matse su suke yi su daskarar da su da ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri, su zura su suna ƙanƙance, in sun huce su kumbura su cika gurbin. Wasu kuma da babban injin matsi suke tura su. Duk waldar da ka gani a jikin bututun, har da ta kunnuwa, an gama ta ne kafin roba ta shiga. Shi ya sa Dexter ya rubuta ƙarara cewa kada a yi walda a jikin bututun Torflex. Ranar da ka yanka, farantin nan da sunan kamfanin da ke kansa sun daina tsaya maka. In wani abu ya faru a hanya, aikin hannunka ne za a tambaya.

Kafin ka kashe ko sandar walda ɗaya, gwada robar. Aksil 'yan Beljiyam da yawa sun sha shekaru kafin su iso mana, roba kuma tana tsufa ko ana aiki da ita ko tana ajiye. Ta kan taurare ta zauna a inda nauyi ya danne ta. Ka ɗaura aksil ɗin a wani abu mai nauyi, ka sa alama a inda tsakiyar hob take, sannan ka ɗaga abin da jak har taya ta bar ƙasa. Mai lafiya za ka ga hannun ya sauko sosai, yatsu biyu zuwa uku ko fiye. In da ƙyar ya motsa, robar ta mutu. Ka kuma dubi hannuwan biyu ta gefe: in ɗaya ya fi ɗaya kwanciya, ɓangare guda ya gaji. Leƙa bakin bututun, in ka ga robar ta tsattsage, ko ta fito waje, ko ta yi laushi tana danƙo, to ta sha mai. Wannan ya fi yawa a aksil ɗin da aka ciro daga tirelar janareta ko kwamfaresa, domin dizal na ɗiga a kansu shekara da shekaru, dizal kuwa maƙiyin irin wannan roba ne. Aksil ɗin da ya faɗi wannan gwaji kada ka wahalar da kanka a kansa. Cire hob da birki ka ajiye, sauran ka kai wa 'yan gwangwan.

In sun ci gwajin, sai lissafin kaya. Ban da faɗi, na tabbata tsawon ma ka ƙara. A ce tsohuwar tirelar bodinta mita 1.3 ne a 2.5, sabuwar kuma 1.7 a 3. Fili ya tashi daga murabba'in mita 3.25 zuwa 5.1, ƙarin da ya haura rabi. In bangon bodin santimita 40 ne, zai ci abin da ya ɗan wuce kubik mita biyu. Cika shi da yashi ka tashi da tan uku, ban da nauyin tirelar kanta. Mai kaya kuwa ba ya karanta faranti, in ya ga fili sai ya cika.

Kada kuma ka ce 1,300 sau biyu 2,600 ne ka tsaya a nan. Tirela mai aksil biyu na sifirin tana da wani ɗan ƙarfe mai lilo tsakanin sifirin na gaba da na baya wanda ke raba musu nauyi. Aksil mai roba ba shi da wannan, kowanne harkar gabansa yake yi. In tayoyin gaba suka hau kan tudun rage gudu, ko na baya suka faɗa kwalbati, na ɗan lokaci aksil ɗaya ne ke ɗauke da kusan komai. Haka in kan tirelar ya yi sama ko ƙasa a jikin motar da ke ja, ɗaya zai yi ta shan wahala duk tsawon tafiya. A titunanmu ni ba zan ɗora wa waɗannan biyun abin da ya wuce tan biyu ba, har da nauyin shasi da bodi. In abin da kake nufin ɗauka ya wuce haka, tankin ruwa mai lita 2,000 misali, ko buhun siminti arba'in, to maganar faɗaɗawa ta ƙare tun a nan, aksil ɗin ne bai isa ba.

Akwai hanyoyi biyu da mutane ke fara tunani don guje wa yanka, duka ba za su fisshe ka ba. Ta farko matsar da kunnuwan waje. Kunnuwan suna zaune ne daidai kan inda robar take, ko dab da ita, waldar da za ka yi a nan kai tsaye za ta dafa ta, kuma ko ba haka ba tazarar da ke tsakanin kunne da hannu 'yan santimita ce, ba ta kai 20 ba. Ta biyu sa zobe tsakanin hob da rim don taya ta fito. Wannan bai matsar da kunne ko kaɗan ba, sai ƙarin wahala. Kowace taya tana ɗauke da kilo 650, tazararta daga kunne santimita 20. Ninka su ka samu 13,000, wannan shi ne ƙarfin da ke neman lanƙwasa bututun. Sa zoben santimita 5, lissafi ya koma 16,250, ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu, kuma boris ne zai fara biya. Zoben santimita 20 ninka shi biyu zai yi.

Akwai ta uku wadda ba ta taɓa aksil ɗin sam, kuma a wasu ayyukan ita nake fara ba da shawara: a sa wasu dogayen ƙarafa biyu a ƙarƙashin shasin, tsakaninsu mita 1.10, a ɗaura aksil a kansu, bodi ya hau saman tayoyi. A naka akwai cikas. Fuskar hob ɗinka mita 1.50 ce, faɗin shasinka ma 1.50, wato tayoyin za su zauna daidai ƙarƙashin ƙarfen gefe. Dole ka ɗaga shasin sama da taya, ka kuma bar aƙalla santimita 8 na wasan taya. Tirela ta yi tsayi ke nan a kan ƙafafu matsattsu. Yadda ake auna saurin kifewa shi ne a raba rabin tazarar tayoyi da tsayin tsakiyar nauyi daga ƙasa. Tazarar mita 1.5 da tsayin mita 1 ya ba da 0.75. Tazarar 1.9 da tsayin 0.8 ya ba da kusan 1.2. Bambancin ba kaɗan ba ne. Kayan da ba su da nauyi kuma a kwance suke, kamar faifan sola ko kwanon rufi, ba laifi. Tankin ruwa kuwa, da ruwan ke kai kawo a kwana, a'a.

To mu zo kan yankan.

Fara da awo, ka rubuta a takarda. Bututun nan ba miƙaƙƙe ba ne kamar yadda ido ke gani. Ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe ko ka ja igiya a jikinsa za ka ga yawanci yana da ɗan doro a tsakiya. Da gangan aka yi shi, don saman tayoyin ya ɗan buɗe waje in babu kaya, in kaya ya hau su miƙe. Sau da yawa akwai kuma ɗan tsukewa ta gaba. Matsalar ita ce doron nan yana daidai inda za ka yanka. Wanda bai lura ba sai ya kwantar da ɓangarorin biyu a kan miƙaƙƙen ƙarfe ya matse ya yi walda, aiki ya fito tsaf a ido, alhali ya goge saitin masana'anta. Kaya na hawa tayoyi su bankaɗe ta ƙasa, su riƙa cinyewa ta gefen ciki.

Ga yadda za ka kama shi. Samo miƙaƙƙun ƙarafa biyu masu tsawon santimita 60, ka ɗaure ɗaya a fuskar kowane hob, tsakiyarsa a tsakiyar hob. Tsayar da su a tsaye ka auna tsakaninsu ta sama da ta ƙasa. Juya su a kwance ka auna ta gaba da ta baya. Lambobi huɗu ke nan. Bayan aiki kowacce ta zama ta ƙaru da milimita 400 cif, ba 397 a nan 404 a can ba. Don ka san girman abin da muke magana a kai, karkatar rabin digiri a kan ƙarfen santimita 60 milimita 5 ce kacal. Taya kuma in ta kauce wa hanya da digiri ɗaya, a kowace kilomita ana jan ta a kaikaice mita 17. Daga Kaduna zuwa Kano ta gogi kwalta ta gefe kusan kilomita huɗu. Haka sabuwar taya ke zama sanƙo cikin 'yan watanni a ce ai tayar ce jabu.

Sannan ka ja layi da abin zane mai kaifi a tsawon bututun, ta fuska biyu, don ka gane in ɓangare ɗaya ya murɗe wa ɗaya bayan yanka. In suka murɗe, kunnuwa ba za su kwanta daidai a shasi ba, taya ɗaya ta fi ɗaya sauka.

Nemo inda robar ta tsaya. Huda ƙaramin rami a tsakiyar bututun, zura waya ta dama har ta tokare, sa alama, ka sake ta hagu. A ce bututun mita 1.25 ne, robar ta ci santimita 35 ta kowane ɓangare, saura 55 fayau, wato in ka yanka a tsakiya kana da wajen 27 tsakanin bakin yanka da roba. Wannan misali ne, naka wayar ce za ta faɗa maka. In abin da ya rage tsakanin bakin yanka da roba bai kai santimita 20 ba, ni ba zan kai wuta wurin ba. Ka kuma lura da abin da ke tsakiyar. A aksil ɗin Turai mai birki akwai ɗan ƙarfen da wayoyin birki ke maƙalewa, an yi masa walda a tsakiyar bututu, sai ka cire shi ka mayar a sabuwar tsakiya. A na Amurka mai birkin lantarki wayar wuta takan bi ta cikin bututun, zare ta tukuna. Yankan da zarto ko faifan giranda siriri za a yi, ban da gas.

Daga nan hanya ta rabu biyu.

Ta farko ita ce wadda ka tambaya, a sa guntun bututu mai santimita 40 a tsakani a mayar da shi aksil guda. Mutane na ɗauka tsakiyar ba ta ɗaukar komai tunda nauyi a kan kunnuwa yake. Dubi sandar ɗan garuwa: garewani a kai biyu suke rataye, amma a kan kafaɗa take lanƙwasa, inda babu garwa. Aksil haka yake, sai dai a juye. Taya na tura bakinsa sama, shasi na danna kunne ƙasa, lanƙwasar nan ta 13,000 tana bin bututun har tsakiya, ƙasansa yana miƙewa samansa yana matsewa, kuma kowane rami a hanya sai ya ninka ta. Waldar baki da baki kaɗai a irin wannan wuri tsagewa take jira. Bayan haka, dogon bututu ya fi gajere saki. Daga 1.10 zuwa 1.50 ƙarin kashi 36 cikin ɗari ne, in kauri bai canza ba karkatar da tayoyi za su yi a ƙarƙashin kaya za ta iya ƙaruwa da kusan haka. Don haka tsakiyar nan so ake ta fi yadda take da ƙarfi.

Guntun da za ka sa ya zama faɗinsa ɗaya da na asali, kaurinsa kada ya gaza. Sa masa riga ta ciki, wani bututun da ya shige shi dam ba ya girgiza, tsawon santimita 70, ta yadda zai shiga 15 a cikin kowane ɓangare. Wasu sun fi son riga ta waje, a zura ɓangarorin biyu cikin babban bututu. Tana da sauƙi, amma duba inda bakinta zai faɗa: in ta rufe santimita 20, waldar bakinta saura 7 ta taɓa roba. Shi ya sa na fi son ta ciki. Huda ramuka a gefunan bututun asali, cikin santimita 10 daga bakin yanka, ka cike su da walda su kama rigar. Fiƙe bakunan da za a haɗa, ka bar 'yar tazara don waldar ta ratsa har jikin riga. Bayan an goge, ɗora faranti mai siffar lu'u-lu'u, wato mai tsini ta kai biyu, a gefunan kowane haɗi. Amfanin tsinin shi ne kada a samu layin walda da ya gitta bututun a miƙe, domin daga irin wannan layin tsaga ke farawa, musamman ta ƙasa.

Mafi kyawun teburin wannan aiki shasin ne da kansa. Kifa shi, tabbatar ya kwanta daidai kuma kusurwa zuwa kusurwa awonsa ɗaya, ɗaure kowane ɓangare a mazauninsa da noti, saka riga da guntun, ka yi ta gyarawa da 'yan siraran ƙarafa har lambobi huɗun nan su fito. Sai ka ɗiga walda a kusurwoyi, ka sake awo. Walda tana ja in tana hucewa, don haka in ka yi santimita uku ko huɗu a wannan fuska, koma ta kishiyarta, ka bari ya huce, ka sake awo. Aikin yini ne, ba na awa ɗaya ba.

Maganar zafi kuwa ga ta. Ƙarfe a bakin walda yana narkewa ne a wajen digiri 1,500. Robar nan tun a masana'anta da zafin da bai kai 200 ba aka gasa ta, kuma tun kafin 100 take fara lalacewa in abin ya daɗe. Naɗe bututun da jiƙaƙƙen tsumma tsakanin wurin walda da inda robar ta fara, ka sa yaro yana zuba masa ruwa. Ma'auninka tafin hannu: ɗora shi a kan inda robar take, in ba za ka iya barinsa a wurin ba, tsaya. Amma kada ruwan ya taɓa waldar kanta, sanyaya ta da gaggawa na sa ta ƙeƙashe. In ka ji ƙaurin roba, aikin gama ya gama, ba a gyara ta. Sandar walda kuma ka nemi 7018, busasshiya, a kan inji mai wutar kirki. 6013 da muke yin ƙofa da taga da ita ba ta wannan wurin ba ce. Aksil ɗin Turai galibi an tsoma su a ruwan galbanaiz, sai ka goge rufin nan sarai a inda za ka yi walda, ka yi aikin a fili. Farin hayaƙinsa yana kawo zazzaɓi da ciwon jiki da daddare, madarar da ake cewa a sha kuwa ba ta hana shi.

Hanya ta biyu ita na fi so in dai sai an yanka. Kada ka sake haɗa su. Ka ɗauki kowane ɓangare a matsayin rabin aksil mai zaman kansa. Wannan ba sabon abu ba ne, kamfanoni irin Indespension na Ingila da masu yin Flexiride haka suke sayar da nasu, rabi-rabi, kowa ya ɗaura a faɗin da yake so. Ka gina ƙaƙƙarfan ƙarfen gicciye a jikin shasin, bututu mai kauri wanda ya fi na aksil ɗin girma, daidai saman inda aksil zai zauna, ka yi masa walda son ranka tunda babu roba a cikinsa. Kunnen waje ya hau ƙarfen gefe yadda ya saba. Bakin ciki, wanda ka yanka, ka yi masa faranti guda, ka ɗaure shi a ƙarfen gicciyen da noti. Walda ɗaya ke nan a kowane ɓangare, kuma a wuri mafi nisa daga roba.

Bakin cikin nan ba ado ba ne, ka ɗaure shi da gaske. In taya ta tura sama, kunne ya zama madogara, bakin ciki sai ya nemi sauka ƙasa, wato yana fizgar notin ne. Raba 13,000 da tazarar santimita 55 ka samu wajen kilo 240 a tsaye cik, a rami kuwa ka ɗauka ya ninka sau uku. Noti huɗu masu kaurin milimita 12 ko 14, waɗanda aka buga wa 8.8 a ka, da nat mai kulle kansa. Daɗin wannan hanya shi ne saiti yana hannunka har gobe. In taya ta fara cin gefe, ka kwance ka ƙara ko ka rage ɗan siririn faranti a ƙarƙashin bakin ciki, ko ka ɗan matsar da shi gaba ko baya. Aksil ɗin da aka yi wa walda ya zama guda ba ya ba ka wannan dama. Ka toshe bakunan da faranti ko murfi don kada ruwan damina da laka su shiga su kwanta a bayan roba.

Kowace hanya ka bi, ƙarfen gefen shasin yana buƙatar kulawa a inda kunne ya zauna. Sifirin yana raba nauyinsa a wuri biyu masu nisa da juna. Aksil mai roba a wuri ɗaya yake zuba nasa, kuma yana murɗa wurin, domin tayar tana bayan bututun da tsawon hannu. In ƙarfen gefenka mai buɗaɗɗen ciki ne, rufe shi da faranti ya zama akwati na aƙalla rabin mita a wurin, ka sa ƙarfen gicciye kusa. Ka ɗaura da noti, ba walda ba. Hannuwan kuma baya suke kallo, taya na bin bututu.

Wajen jera aksil biyun, auna daga tsakiyar abin jan tirela zuwa tsakiyar hob na dama da na hagu a aksil na gaba, kada bambancin ya wuce milimita 3. Sannan daga hob na gaba zuwa na baya, dama da hagu su zo ɗaya. Faɗin ba zai ba ka matsala da hukuma ba: da tayoyi da madigadi za ka tsaya wajen mita 2.2, iyakar da aka saba a Turai da ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa kuwa 2.55 ce.

Birki kada ka yar da shi don wayoyinsa sun gajarta. A Turai duk tirelar da ta wuce kilo 750 dole ta kasance da nata birkin, kuma dalilin yana nan ko a hanyar Zariya: tan biyu a bayan Hilux, in ka taka birki a kan gangara, su ne za su tura ka. Kowace waya tana buƙatar ƙarin santimita 20. Nemi doguwa, kada ka ɗaura guntu. Tayoyi ma ka karanta lambar nauyinsu. Tayar ƙaramar mota mai lamba 79 kilo 437 take ɗauka, biyu ba su kai 900 ba. Wadda za ta ɗauki kilo 650 har da ɗan rara sai mai lamba 94, kilo 670, ko 102 mai kilo 850, irin masu harafin C da ake sa wa ƙananan motocin kaya.

In ka tambaye ni abin da zan yi in tirelar tawa ce, ya danganta da hanyar da za ta bi. In kwalta ce da kaya mai tsoron girgiza, janareta ko na'urar sauti ko kayan sola, aksil mai roba ya cancanci wahalar, kuma zan bi hanyar rabi-rabi. In akwai hali, masu ƙera su suna yin sabo a kan awon da ka ba su: tazarar kunnuwa, tazarar fuskar hob, nauyi, da kusurwar hannu. In kuwa hanyar ƙauye ce da taki da buhunan masara, zan sayar da waɗannan biyun yadda suke, ga mai shasin da ya dace da su, in haɗa miƙaƙƙen aksil da sifirin na Hilux ko Hiace. Ya fi tsalle in babu kaya, amma yana raba nauyi, yana jure lodin ganganci, in kuma ganyen sifirin ɗaya ya karye a ƙauye akwai mai gyara shi a kasuwa ta gaba.

In ka gama, kada ka fara da cikakken lodi. Sa rabi, yi 'yan kilomita a hanya mai gargada, dawo ka taɓa hob ka ji ko ya yi zafi, ka sake ɗaure kowane noti. Shafa alli a faɗin kowace taya ka ja ta mita ɗari a kan kwalta miƙaƙƙiya, in allin ya goge ta gefe ɗaya ya bar ɗaya, koma kan saiti. Wuraren walda kuma fenti mai haske za ka shafa musu, shafi ɗaya siriri, ka riƙa leƙa ƙasansu da tocila duk bayan tafiya a watannin farko. Tsaga takan fara nuna kanta da siririn layin tsatsa a gefen walda tun kafin ta buɗe.